Sufeton Ƙwadago da Ɗan Ci-rani: Laccar da Aka Gabatar a Sakkwato

Assalamu alaikum. Iyayena, malamaina, ƴan'uwa, sannunku da haƙurin wannan zafi.

Babu wanda bai san ƴan ci-rani ba a garin nan. Da an kai amfanin gona rumbu sai su sauko ta Illela, daga Ƙonni, wasu tun daga Tawa, can cikin Nijar. Su ne ƴan ga-ruwa masu tura kura, su ne masu gadi, su ne leburan da ke hawa tsanin katako da kwanon kankare a ka, ƙafa ba takalmi.

Akwai wani mai gadi a unguwarmu. Wata bakwai maigida na ce masa, "Kuɗinka na wurina, in ka tashi tafiya ka karɓa." Da damina ta kawo jiki aka miƙa masa na wata uku da tsohuwar riga. Na ce ya zo mu je ofishin ƙwadago. Ya ce, "Malam, ni baƙo ne. In na je takardata za a fara tambaya."

To, ga abin da ke rubuce. Tun 1960 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 81 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ba sufeton ƙwadago, wato jami'in gwamnati mai duba haƙƙin ma'aikata, ikon shiga wurin aiki ba tare da ya sanar ba. Dokarmu ta ƙwadago ta ce cikin wata uku da ɗaukar ma'aikaci a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Amma ku lura, mafi ƙarancin albashin nan na naira 70,000 da aka sa a 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wane magidanci ke da mai gadi 25?

Ga kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025, ta ƙara wa baƙo ɗari-ɗari, ko da yake an ce zirga-zirga ta ci gaba.

A ganina, sufeton da ke jiran ƙara a ofis zai daɗe yana jira. Ya yi sammako zuwa bakin titi inda lebura ke zaman jiran ɗan kwangila, ya gaisa da su, ya tambayi nawa aka yi jinga, nawa aka biya. Binciken takardar shiga ƙasa ya bar wa masu ita.

Shi mai gadin nan, bana ma ya dawo. Gidan da ke kallon wancan yake gadi.