Ciwon hantsa a shanun tatsa: ina gado ya shigo?

An ɗauko wannan daga rikodin ɗin laccar da aka yi wa masu kiwon shanun tatsa a Daura.

Assalamu alaikum jama'a, iyayena da yayyena sannunku da zuwa. To yau maganar hantsa za mu yi. Duk mai tatsa a nan ya san ciwon nan, ka zo da safe ka tarar ɓangare ɗaya na hantsa ya kumbura ya yi zafi, saniya ta ƙi tsayawa tana harbi, in ka matsa kan nonon sai ka ga gudaji gudaji ko ruwa ruwa kalar rawaya, wani lokaci har da jini a ƙwarya. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, irin su Sitafilokokus da ke bin hannun mai tatsa daga saniya zuwa saniya, da Ikolai da ke cikin kashi da jiƙaƙƙen makwanci, kuma ta ƙofar kan nono suke shiga.

Amma ga tambayar da ake yawan yi mani, garke ɗaya, mai tatsa ɗaya, makwanci ɗaya, me ya sa wannan saniyar duk haihuwa sai ta kamu, waccan kuma lafiya lau? To nan gado ya shigo. Ba ciwon ake gado ba fa, ku riƙe wannan, sauƙin kamuwa ake gado. Saniyar da hantsarta ta zubo ƙasa har tana wuce gwiwar ƙafar baya, tana jan laka, ƙaya na yankarta, maraƙi ma da ƙyar yake kama nonon, siffar nan tana bin jini sosai, uwa ta ba ɗiya. Haka ƙofar kan nono, wata tana rufewa gam bayan tatsa, wata kuma sako-sako take, za ka ga nono na ɗiga tun ba a taɓa ta ba, mai tatsa yana murna wai tana da saurin sakin nono, alhali ƙofar da nono ya fita da sauƙi ta nan cuta ke shiga da sauƙi. Sannan akwai ƙarfin garkuwar jiki, masana sun gano wasu ƙwayoyin halitta da ake kira BoLA masu hannu wajen yadda jikin saniya ke gane cuta ya yaƙe ta, kuma sun bambanta daga saniya zuwa saniya.

Gaskiya kason gado a ciwon da ake gani da ido ƙarami ne, bai kai kashi 10 cikin 100 ba a yawancin binciken da aka yi, ragowar tsafta ce da kulawa. Sai dai wanke hannu kullum sai ka sake shi, shi kuwa abin da ka shigar cikin jinin garke yana nan yana taruwa, ɗiya zuwa jika. A ƙasar Norwe tun shekarun 1970 suke rubuta duk saniyar da likita ya yi wa magani, suna duba ɗiyan kowane bijimi kafin su yarda da shi, kuma ciwon ya ragu a jajayen shanunsu.

Abin da ke damuna wallahi shi ne yadda muke bin lita ido rufe. Kowa Firiziyan yake so, wato shanun nan na Turai masu yawan nono. Ba laifi, haɗin Firiziyan da Bunaji an daɗe ana yin shi a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, kuma yana ba da nono fiye da Bunaji zalla, amma bincike ya nuna in yawan nono kaɗai kake zaɓa to kana jawo ciwon hantsa tare da shi, tare suke tafiya a jini. Mutum zai shiga kasuwar Mai'adua ya ga bijimi mai ƙiba da kyan fata ya biya kawai, bai tambayi uwarshi ba, ya hantsarta take, nonuwanta huɗu duk suna aiki ko ɗaya ya mutu, sau nawa aka yi mata allura? Saniya maraƙi ɗaya take ba ka a haihuwa, bijimi kuwa garken gaba ɗaya yake hawa, kuskure a kanshi ya fi tsada nesa ba kusa ba. In barbarar allura za a yi maka ma, tambayi mai yin ta bayanin bijimin da aka ɗebo maniyyin.

Alhaji na ga ka ɗaga hannu, kana tambaya ko akwai ciwon hantsa da ba a gani da ido, eh, akwai wanda ba ya nunawa, hantsa lafiya a ido amma nono na raguwa, kindirmo ya ƙi kama jiki. Shi ana gane shi da ƙirga fararen ƙwayoyin jini cikin nonon, in sun haura 200,000 a mililita ɗaya akwai matsala, kuma wannan adadin ya fi ciwon fili bin gado. A ruga ba mu da na'urar, amma akwai gwajin faranti mai gurbi huɗu, ka tatsa kowane nono a gurbinshi, ka zuba ruwan gwajin ka jujjuya, in ya yi yauƙi to akwai cuta, likitan dabbobi zai nuna maku. Ku sayi littafi na 'yan makaranta, kowace saniya shafinta, sunanta da sunan uwarta da bijimin da ya hau uwar, ranar da ta kamu da wane nonon. Wadda ke maimaitawa ita ake tatsa a ƙarshe, kuma ɗanta namiji a dandaƙe shi ya tafi huɗa ko kiwon sallah. Sai tambaya ta gaba, Hajiya bismilla.