Filas babu komai a ciki, amma ya ce fayil ya yi girma

Malam: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga nan birnin Katsina. Yau ina tare da Hajiya da kuma Auta. Auta, kai ka kawo mana maganar yau, bismilla.

Auta: Malam, da sallar da ta wuce na je Daura ɗaukar Hawan Magajiya. Na dawo na haɗa bidiyon, ya tashi giga 6. Mai aikin yana tsaye a shago, motarsa na jira. Na sa sabon filas mai giga 32, ko hoto ɗaya babu a ciki, kwamfuta ta ce fayil ya yi girma. Sau uku ina gwadawa. Wallahi gumi ya jiƙa mini riga.

Hajiya: Ka ɗauka filas ɗin jabu ne ko?

Auta: Abin da na fara zato ke nan, Hajiya.

Malam: Lafiyarsa lau. Tsarin da ke kansa ne, FAT32. Komai faɗin filas, fayil guda ba ya wuce bait 4,294,967,295, wato giga 4 ba bait ɗaya. Dalili kuwa, gurbin da ake rubuta girman fayil bit 32 ne, wato gurabe 32 na sifili ko ɗaya, iyakar ƙirgarsa ke nan. Da ka yi masa fomatin zuwa wani tsarin, exFAT, wanda Microsoft ta fitar a 2006, ko NTFS, da ya shige sumul. Amma ni, Auta, cewa zan yi ka yi sa'a.

Auta: Sa'a kuma, Malam?

Malam: Ƙwarai. Ya ƙi, kuma ya faɗa maka ya ƙi. Wadda nake tsoro ita ce manhajar da za ta karɓa, ta ce an gama, alhali ta yanke wutsiyar aikin.

Hajiya: Abin da ya sami Ingila ke nan a 2020, lokacin korona. Hukumar lafiyarsu tana tattara sakamakon gwaji a tsohon tsarin Excel, XLS, mai ɗaukar layi 65,536 kacal. Da takardar ta cika, sauran suka zube ba a sani ba. Mutum 15,841 masu ɗauke da cutar ba su shiga lissafi a kan lokaci ba, ba a kuma bi sawun waɗanda suka yi mu'amala da su da wuri ba. Ni da kullum aikina shigar da sunayen ɗalibai ne, labarin nan ya daɗe yana damuna. Tun daga ranar, ba na rufe takarda sai na sauka layin ƙarshe na ga sunan da nake sa ran gani.

Malam: Kin yi gwaji ke nan, Hajiya, ko ba ki kira shi haka ba. Kun san ƙaramar na'urar tasbihi da ake sa wa a yatsa? In ta kai 99999, ka ƙara danna ɗaya, sai ta koma sifili. Haka lambar da ke cikin manhaja take. Wata tun a giga 2 take tuntuɓe, bait 2,147,483,647, don an ware bit ɗaya na nuna lambar ƙasa da sifili. In ta zagayo, abin da za a rubuta a ƙarshen fayil yana iya sauka a farkonsa, ya taka abin da ke wurin. Matsalar ta daɗe, tun a 1996 kamfanonin Unix, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, suka amince da ƙa'idar magance ta, amma har yau ana rubuta manhajoji da tsohon kuskuren.

Auta: To Malam, ni da nake koyon rubuta manhaja, ina zan samo fayil mai giga 5 kullum don gwaji? Data ma ta ishe ni.

Malam: Ba sai ka sauke komai ba. A Linux, tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, umarnin truncate zai ba ka fayil mai giga 5 cikin ƙiftawar ido, kusan bai ci wuri ba, don cikinsa holoƙo ne. A Windows akwai fsutil. Ka yi guda huɗu: ƙasa da giga 2 kaɗan, sama da shi kaɗan, haka ma a giga 4. A bakin iyaka ɓarna take.

Hajiya: Amma Malam, in cikinsa sifili ne zalla, ko an rikita shi ai ba za a gane ba.

Malam: Allah ya yi miki albarka, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Sai ka rubuta wata alama a farko, wata bayan giga 2, wata a can ƙarshe. Bayan manhajar ta gama, ka nemo kowace a mazauninta. Sannan ka fitar da lambar SHA-256, wato lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, ta asalin da ta kwafin. Ko bait ɗaya ya canza, lambobin ba za su yi daidai ba.

Auta: Ni kuma abin da ke kashe ni, a ɗauke wuta ana tsakiyar kwafi.

Malam: Shi ma gwaji ne. Zare filas ɗin gwaji da gangan ana rabi, ka ga ko manhajar za ta faɗi gaskiya ko za ta bar guntu mai kama da cikakke. Kuma ka gwada a kan tsohuwar laftof mai memori giga 4, irin wadda ke shagunanmu. Manhajar da ke haɗiye fayil gaba ɗaya kafin ta fara aiki, a nan za ta shaƙe.

Hajiya: Auta, bidiyon Daura fa, ya kai ga mai shi?

Auta: Ya kai, Hajiya. Raba shi biyu na yi a ranar. Amma yau in na koma shago zan yi wa filas ɗin exFAT, in kwafa shi ɗungurungum, in ja zuwa minti na ƙarshe in ga dawakan sun koma gida.