Hirar Fada: Yaya Rabi ta cire yara daga lakwal

Sani: Jama'a barkanku da war haka. Tun makon jiya wayoyinmu ba su huta ba. Yaya Rabi, wai da gaske kin cire yaranki daga lakwal?

Rabi: Biyu na cire, ba duka ba. Autata da ke CI, ajin farko na firamare, da yayanta na CE1, aji na uku. Ni fa ban yi faɗa da kowa ba. Yara sun fi 80 a aji, ajin kuma na zana. Tun gobarar makarantar unguwar Pays-Bas ta Yamai a Afrilun 2021, da yara kusan 20 suka rasu, in na ga ajin zana gabana faɗuwa yake.

Hadiza: Allah ya jiƙan su.

Rabi: Amin. Mutane na ɗauka littattafai ne wahalar karantar da su a gida. Ina! Littattafan INDRAP, waɗanda ake karantarwa da su a lakwal, na same su tsofaffi a ƙasa, gefen Babbar Kasuwa, ban kashe jika biyar ba. Na ari kayen ɗiyar maƙwabciya don in san inda ajinsu yake. Allo kuwa, katako na sayo a kasuwar Katako, kafinta ya shafa masa baƙin fenti.

Sani: Katako a Katako! To kin sayo sambol?

Hadiza: Wayyo sambol! Mu namu ƙahon akuya ne.

Sani: Namu ƙashin jaki, da igiya. Ka kuskura ka yi Hausa a aji, an rataya maka. Ni na taɓa kwana da shi, tsohuwarmu ta ce laya ce ta jefa shi bayan katanga. Da safe Mushe ya ce ina sambol, na ce "Inna l'a jeté".

Hadiza: Ka ƙara wani laifin kenan, ka ce Inna.

Sani: Bulala goma, Hadiza.

Rabi: To ga shi tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci ya koma na aiki. Ni da Hausa nake fara musu lissafi, da ƴaƴan dabino, sai sun gane in juya da Faransanci. Abin da ke ci mini rai zaman ne. Daga asuba suna makarantar allo, takwas zuwa sha ɗaya suna hannuna, ga tukunya na jira. Bidiyoyin Khan Academy na Faransanci suna taimako, in akwai wuta da kuɗin intanet. Ranar Asabar mu tafi Gidan Tarihi na Boubou Hama, su ga zakuna da ƙasusuwan dinozor. Wani ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni kuma yana zuwa sau biyu a mako, don ni nahawun Faransanci ya fi ƙarfina.

Hadiza: Amma Yaya, takarda fa? Ran da suka kai BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare?

Rabi: Ana shiga a kandida libir, wato ba ta hannun wata makaranta ba, kamar yadda manya ke yi. Kafin nan dai zan je wajen sufeton makarantu in ji ta bakinsa. Surukata ma kullum...

Sani: Yaya, an kira la'asar, shayin ma ya huce. Mun ce za mu karanta saƙonnin masu sauraro, sai mako mai zuwa.

Hadiza: Ka zo da ƙashin jakin.