Hoton Nan na Wane Ne? Yadda Ake Kawo Madogara a Kundin Bincike

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗalibai, na Akoka da na Ojo da na Yaba, har da masu sauraronmu daga Agege da Idi-Araba.

Ku dubi wannan hoton: kwandunan tumatir ne ake saukewa a kasuwar Mile 12. A ce kana rubuta kundi kan cinikin kayan gwari tsakanin Arewa da Legas, ka ga hoton ya dace, ka liƙa shi, ka rubuta a ƙasa cewa daga Google ne. To, Google bai taɓa zuwa Mile 12 da kyamara ba. Hanya ce kawai da ta kai ka wurin hoton. Malaman hadisi ba sa karɓar "an ce" sai an jero musu wa ya ji daga wa, kuma mai duba kundinka haka yake.

Saboda haka danna hoton, ka bi shi har shafin da ya fito. Abu huɗu kake nema: wanda ya ɗauka, shekarar, sunan hoton, da adireshin shafin. In babu sunan mutum, sunan jarida ko hukumar da ta wallafa ya wadatar. In babu shekara, tsarin APA, ɗaya daga cikin tsare-tsaren kawo madogara, yana da alamar n.d., wato babu shekara, kada ka ƙirƙiro shekara daga kanka.

A bugu na 7 na APA, wanda ya fito a 2019, lambar hoto tana sama da rubutu mai gwaɓi, take na biye da ita da rubutun tsutsa, bayanin asali kuma yana ƙasan hoton. Sannan ka sake kawo shi a manazarta. Sauran tsare-tsare irin su MLA da Chicago suna da nasu jerin, don haka tambayi sashenku wanne suke bi tun kafin ka yi nisa.

Ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Ambaton mai hoto daban, samun izininsa daban. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare hoto har shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da shi ga jama'a. Ta yi sassauci kan bincike da karatu, amma ranar da za ka mayar da kundin littafi ko maƙala a mujalla, mai wallafawa zai tambaye ka takardar izini. Shi ya sa na fi son hotunan rumbun intanet na Wikimedia Commons: kowanne da lasisinsa a rubuce. Lasisin CC BY na nufin yi amfani da shi amma ka ambaci mai shi. CC0 kuwa an sakar wa duniya, duk da haka a aikin ilimi sai ka faɗi inda ka samo.

Hoton da aka turo maka a WhatsApp ba tare da asali ba, bar shi a waya.

Hira fa? In wani dattijo a Agege ya ba ka tarihin zangon, APA na ɗaukar wannan a matsayin magana tsakaninku: sunansa da ranar hirar suna shiga cikin rubutu, ba sa shiga manazarta. Sassan Hausa da tarihi da yawa kuwa suna son jerin waɗanda aka yi hira da su a ƙarshe. Ka nemi yardarsa kafin ka sa sunansa.

In kuma kai ka shiga kasuwar da wayarka ka ɗauki hoton, rubuta cewa naka ne, da wurin da watan da ka ɗauka.