Idan asma ta taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyin yaro

Jama'a barkanmu. Mun saba ɗaukan asma a matsayin ciwon ƙirji kawai, tari da shaƙewa da wannan fito-fiton numfashi, to amma idan ta yi tsanani sosai a jikin yaro tana iya kaiwa ga ƙwaƙwalwa da laka. Ba kasafai ake gani ba gaskiya, shi ya sa ma ake saurin kuskure shi.

Idan hanyoyin iska suka tsuke, oksijin na raguwa, gurɓatacciyar iskar da ya kamata ta fita kuma ta taru a jini, ita ce ke buɗe jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa har ta kumbura. Sai ka ga yaron da ke ta haki ya yi laƙwas, barci na fizgarsa, yana magana ba kan gado, ƙirjin ma ya yi tsit babu fiton, uwa ta ce alhamdulillahi ya samu sauƙi, alhali iskar ce ta daina shiga. Wannan asibiti ne kai tsaye, don daga nan jijjiga ko suma ke biyowa.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne ciwon Hopkins, sunan likitan Ostireliya da ya bayyana shi a 1974. Yaro ya warke daga tashin asma, an sallame shi, bayan 'yan kwanaki ko sati biyu sai hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta saki kamar shan inna, in ka taɓa wurin yana ji sarai amma ɗagawa ta gagara, saboda ƙwayoyin da ke motsa tsoka a cikin laka ne suka lalace. Ana zargin hannun wasu ƙwayoyin bairos a ciki, kuma sau da yawa ƙarfin ba ya dawowa duka.

Magani ma da nasa, aminofilin, wani maganin buɗe hanyoyin iska, in ya yi yawa a jini yana kawo jijjiga. Rawar hannu bayan salbutamol, maganin da ake shaƙa ta inhela, kuwa tana wucewa da kanta, don Allah kar wannan ya sa a ɓoye wa yaro inhela. Amma in kun ga yana jan ƙafa ko kofi na suɓuce masa bayan asma ta tashi, ku koma wurin likita a ranar, ku gaya masa yaushe ta tashi da magungunan da aka ba shi.