Me ya sa ganyen lemonku ke yin baƙi?

Assalamu alaikum. Ku matso ku dubi ganyen wannan lemon tsamin na tsakar gida. Ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce cuta ce, a garzaya kasuwa a sayo maganin feshi. Ku dakata tukuna. Ku sa yatsa ku goga. Kun gani? Baƙin ya fita, ganyen na nan kore shar.

Yanzu mu juya bayan ganyen, musamman sabon toho. Ga masu laifin nan: ƙwarin darɓa, sun yi cincirindo. Wani lokaci kuma farare ne masu kama da auduga, ko wasu da ke manne wa reshe kamar ƙananan ƙuraje. Duk aikinsu ɗaya, su tsotse ruwan bishiya, su fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo. A kan wannan ruwan ne baƙar fumfuna ke tsirowa, ta tare wa ganye hasken rana.

Ga abin da aka fi mantawa da shi: tururuwa da kiyashin da kuke gani suna hawa da sauka. Makiyaya ne! Zaƙin suke sha, su kuma tsare darɓar daga ƙwarin da ke cinye ta. In ba ku tare musu hanya ba, feshinku wahalar banza ce. Ku sare duk reshen da ya taɓa katanga ko ƙasa, ku naɗa leda a gindin bishiyar, ku shafa giris a kan ledar. Kada giris ya taɓa ɓawon.

Sai maganin, kuma yana ƙofar gidanku. Ku samo busassun 'ya'yan darbejiya, ku ɓare, ku daka ƙwayar. Giram 50 a lita 1 ta ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a ɗan kaɗa sabulu a ciki. Sabulu na ce, ba omo ba, omo na ƙona ganye. Ku fesa da yamma in rana ta yi sanyi, ku jiƙa bayan ganye sosai, ku maimaita duk mako.

Wannan da ke kan ganye kamar kashin tsuntsu, tsutsar malam-buɗe-littafi ce. Tana iya yi wa ƙaramin dashe tsirara. Ku tsince da hannu kawai.

Lemon da ya faɗo kuwa, in kun tsaga kun ga tsutsa, aikin ƙuda ne. Kada ku bar shi a gindin bishiya, domin tsutsar ƙasa take shiga ta fito a matsayin sabon ƙuda. Ku tattara a baƙar leda, ku ɗaure bakin tam, ku ajiye a rana na 'yan kwanaki.