Iskandar na Makidoniya da Yaƙin Birnin Sur

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Abubuwa uku zan ɗauka game da Iskandar. Na farko, asalinsa. An haife shi a Pella a shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mahaifinsa, Filib na Biyu, shi ya gina rundunar nan mai dogayen masu, tsawon mashi guda ya kai mita biyar. Malaminsa kuwa Aristotil ne. Aka kashe Filib a 336, yaro ya hau gadon sarauta yana da shekara 20.

Na biyu, ya tsallaka Asiya a 334, ya ci yaƙi a Giranikus, ya kori Sarkin Farisa Dariyus a Isus a 333. Amma ku bar ni in tsaya a Sur, domin a nan nake ganin mutumin sosai.

Sur, wadda take Lebanon a yau, tsibiri ce a lokacin. Ruwa ya kewaye ta, tazararta da gaɓa ta kusa kilomita guda, ganuwa ta sauka har bakin teku. Iskandar ba shi da isassun jiragen ruwa. Ku riƙe wannan, ba shi da jirage! Farisa ke da teku. Sai ya yi lissafi: jirgi komai ƙarfinsa sai ya dawo gaɓa ya ɗebi ruwan sha da abinci. In ka ƙwace gaɓar, ka gama da jirgin. Shi ya sa bai iya wuce Sur ba.

Me ya yi? Ya ce a cike teku. Jama'a, a cike teku! Aka riƙa kwaso duwatsu daga kangon tsohon birnin da ke gaɓa, aka saro itatuwa daga duwatsun Lebanon, ana shimfiɗa hanya taku bayan taku. Mutanen Sur suka cika jirgi da makamashi, suka cinna masa wuta, suka tura shi ya ƙone hasumiyoyi biyu da Iskandar ya kafa a kan hanyar. Wani da ya tattara ya tafi. Shi ya ce a ƙara faɗin hanyar. Ya je birnin Sidon da ke gaɓar, ya haɗo jirage wajen 200, har da na tsibirin Kubrus. Wata bakwai, sannan birnin ya faɗi a 332. Kisan da ya biyo baya da sayar da dubban mutane bayi, abin takaici ne, kuma dole a faɗe shi. Yashi ya taru a jikin hanyar nan, har yau Sur a haɗe take da ƙasa.

Ina muke, na uku ko? Lokaci ya ja. Masar, ya kafa Iskandariyya; ya sake cin Dariyus da yaƙi a Gaugamela kusa da Mosul a 331; Indiya a 326, inda sojoji suka ce sun gaji; ya mutu a Babila a 323, yana da shekara 32.

Na'am, Malam, ga hannunka a sama. Shin shi ne Zulƙarnaini? Malamai sun yi saɓani. Ibn Kasir yana cikin waɗanda suka ce ba shi ba ne, domin Zulƙarnaini bawan Allah ne mumini, wannan kuwa yana yanka wa gumakan Girkawa, har ya je wurin bautar gunki Amun a Siwa ta Masar. Ni ma nan na karkata. Akwai wata tambaya kafin a kira salla?